Awon Keke a Harlingen

Shekara talatin da ɗaya ina hawan keken Douwe,
ban taɓa cewa ya fi ƙarfina ba.
Ina miƙa hannu kamar mai tsinko abu a saman kanta,
yatsun ƙafa na leƙen feda,
wuya ya sage, kafaɗa ta yi tsami,
na ɗauka haka tafiya take ga kowa.
Da ya rasu na jingine shi a ɗakin ajiya,
hunturu biyu tsatsa na cinsa.

Ran wata Talata, ana yayyafi,
na shiga shagon Froukje na bakin tashar jirgin ruwa,
mace mai baƙin mai a ƙarƙashin farce,
tabarau rataye a wuya da tsohuwar wayar birki.
Na nuna wani ja mai kwando da furanni.
"An ce wannan ne na mata."
Ta yi dariya har sifana ta suɓuce mata.
"Fentin ne na mata, Tjitske. Keke na jiki ne.
Cire takalmi."

Ta tsayar da ni jikin bango kamar ɗaliba mai laifi,
ta maƙala littafi tsakanin cinyoyina,
ta ja tef daga ƙasa: saba'in da tara.
Ta auna hannu, ta auna faɗin kafaɗa,
ta rubuta da alli a bayan ƙofa.
"Doguwar ƙafa, gajeren baya.
Maigidanki akasin haka ne, ko?"
Ban tanka ba.
Allin ya riga ni magana.

Sai ta shimfiɗa kwali a kan benci, ta ce in zauna,
in ɗan sunkuya, in ƙirga goma.
Da na tashi, ga rami biyu ƙanana
kamar sawun ƙwai a cikin yashi.
"Nan ne kike zama a duniya.
Sirdi ƙashi zai ɗauka, ba tsoka ba.
Mai taushi da yawa ɗan yaudara ne,
da safe aboki, da la'asar ɓarawo."

Na farko ya ciji gwiwa.
Na biyu, birki ya yi wa yatsuna nisa,
ina kamo shi kamar mai kamun fara.
Na uku launin toka ne, mummuna,
ba wanda zai waiga ya kalle shi a titi.
Ta rage masa wuya da faɗin yatsa biyu,
ta sauya kan da wanda bai wuce kafaɗuna ba,
ta matso da birki har ya gaisa da hannuna,
sannan ta cika jakunkunan baya da dankali.
"Keke ba kaya ba ya faɗin gaskiya.
Je ki hau madatsa, ki fuskanci iska.
Kar ki dawo kafin awa guda."

Na hau.
Teku a hagu, tumaki a dama,
iskar yamma na tura ƙirjina kamar mai bin bashi.
Ina jiran zugin wuya, bai zo ba.
Ina jiran tafin hannu ya mutu, yana nan da ransa.
Gwiwa ta lanƙwasa kaɗan, ta miƙe, ta lanƙwasa,
babu gardama, babu roƙo.
A wajen kilomita na tara na tsaya,
na sa ƙafa biyu a ƙasa ba tare da na karkata ba,
na yi kuka, tumaki na kallona.
Ashe zanen aro na ɗaura shekaru,
ina zargin katarata.

Ban ji haushin Douwe ba.
Bai sani ba, ni kuma ban faɗa ba.

Na dawo a jiƙe, awa biyu da kwata.
Froukje ba ta tambaye ni komai ba,
ta dubi kafaɗuna kawai, ta ɗauko rasit.
Da dare na kwance ƙararrawar tsohon keken,
notin ya ƙi, sai da na sa mai,
na ɗaura ta a kan sabon.
Ita kaɗai ce ta yi mini daidai tun farko.

Watan Mayu zan nufi Denmark.
Dankalin kuwa har yanzu ban mayar mata ba.